Ranar da Na Kai Karena Kallon Yanyawa

Shekarar da aka fara rufe iyaka, har kasuwar Maigatari ta zama mutum yana iya ratsa kara, wajen cinikin dabbobi, bai goga kafaɗa da kowa ba, a shekarar na sami karen. Lokacin ban san boko ba, sai daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ba ni da lambar shekara da zan bayar. Wannan rufewar ita na riƙe.

Wani Buzu ne ya ba ni shi. Rufewar ta rutsa da shi a ɓangarenmu da raƙumansa da 'yan awaki, ba ya son rigima da 'yan duwan, wato kwastan, sai ya gangaro kudu yana jiran a buɗe. Bayan an kwashe amfanin gona ya zo ya roƙi ya sauka a gonata, wadda ke gabas da ƙauyenmu ta hanyar Ɗanzomo. Na ce bismilla, dabbobinsa su ci kara su bar mini taki. Yana da wata karya doguwa siririya, ƙafafu kamar na barewa, ciki a lafe. A hanya wani karen gari ya bi ta, ta zo ta haihu a gindin aduwar gonar. Buzun bai ji daɗin haihuwar ba, a wajensu jini ya gauraya ke nan.

Ranar da zai tashi ya ɗago ɗaya ta fatar wuya ya miƙo mini.

"Maigona, karɓi. Ƙafar uwa, kan uba. Zai yi gudu, kuma zai ji magana. Namu ba su jin magana."

Na ce ni manomi ne, me zan yi da shi?

"Ina kwana a gonarka, ina jin abin da ke haushi a bayan gidanku. Kana da aikin da za ka ba shi."

Gaskiya ya faɗa, yanyawa ta dame mu. 'Yar ƙaramar dabba ce, ba ta kai dila ba, kalar rairayi, kunnuwa manya, wutsiya mai gashi da baƙi a ƙarshe. Tana tona rami a jigawa, rami mai tsawo da ƙofofi da yawa. Da rana tana ciki, sai gari ya yi shiru ta fito. Matata tana kiwon zabi da kaji, da su take hidimar sabulu da gishiri da gudummawar biki. Duk damina ta ƙyanƙyashe, duk rani yanyawa ta raba da ita. Mun gina akurki na laka, aka tona ta ƙasa. Mun jera ƙaya, aka bi ta gefe.

Da na shiga gida da kwikwiyon a cikin malafata, matata ta leƙa ta ja da baya.

"Malam, wannan kuma fa? Ɗan akuya ne yunwa ta kama?"

"Mai gadin zabinki ne."

"Wannan ɗin? Ko zakara ya kore shi. To ni dai kada ya lasar mini ƙwarya, kada ya taka mini tabarmar salla. In ya yi, da kai da shi ku koma gona."

Ba a daɗe ba na kama ta tana zuba masa tsala a kasko, tana cewa ya sha a hankali ba wanda zai ƙwace.

Na yi masa wuri a ƙarƙashin rumbu. Ban taɓa renon kare ba, sai na bi shi yadda ake bin ɗan maraƙin da za a koya wa huɗa, ba gaggawa. Ƙanzo da tsala, wani lokaci ƙashi daga wajen mahauci. Na koya masa tafiya da igiya ba ja, ya zo in na yi fito, ya kwanta in na sauke hannu. Abin da ya fi ba ni wahala kaji ne, don duk abin da ya motsa sai ya bi. Na riƙa zama da shi a tsakar gida lokacin da ake watsa musu hatsi, igiya a hannuna. In ya zabura in ce a'a, in ya kwanta in shafa kansa. Ban taɓa dukansa ba. Kafin damina ta fita 'yan tsaki suna hawa bayansa yana barci.

Ni ba ɗan farauta ba ne, amma aminina ɗan farauta ne. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi jinya a zaure ɗaya, shi ne babban abokina ranar aurena, ni kuma na nome masa gona shekarar da ciwo ya kwantar da shi. Yana da wata jar karya mai faɗin ƙirji wadda har Gagarawa an san ta, makaɗan farauta suna sa ta a kiɗa. Sai dai a lokacin bakinta ya fara furfura, kuma an kwana biyu ba ta kama wani abin a zo a gani ba. Samari sun fara cewa ta zama kaka, a bar ta ta yi gadin gida. Yana jin maganar, kuma tana cinsa, ko da bai faɗa ba.

Yakan zo da yamma ya zauna a dakalina ya tsokani karen.

"Kai, mutumina, wannan kare ne ko tsinken tsire? In iska ta taso ka ɗaure shi, kada mu je nemansa Damagaram."

"Bar shi. Ranar da zai wuce tsohuwarka za ka ce ba ka gani ba."

"Tsohuwata? Yanyawar da ta kashe ta fi gashin kanka yawa."

"To ai ba ta yi aiki ba ke nan, dubi kan nawa, duk sanƙo."

Sai ya yi dariya har ya dafa ni. Haka muke tun muna yara.

A rani na biyu muka fara sa shi a zomo, kuma gaskiyar Allah aminina ne ya nuna mini yadda ake yi. Muka fita wajen sabarar da ke hanyar Sule Tankarkar, ya ce in riƙe shi har sai ya ga zomon da idonsa, sannan in saki. Na farko ya wuce zomon da gudu, zomo ya yi kwana, shi kuma ya tafi ya yi ta mirginawa a ƙasa, ya tashi yana waige-waige kamar wanda aka yi wa sata a kasuwa. Muka yi dariya har da hawaye. Amma bai daɗe ba ya gane kwanar. Ranar da ya fara kamawa, ban ga gudun sosai ba, na dai ga abu ya miƙe a fili kamar an ja zare, sai ga shi ya dawo da zomo a baki ya ajiye kusa da ƙafata ya kwanta yana haki. Ni da ban ɗauki farauta a bakin komai ba, ranar sai da na ji ƙirjina ya cika.

Baba yana wurin a ranar. Shi ne tsohon da ke gaban 'yan farautar yankinmu, ba mahaifina ba ne, kowa haka yake ce masa. Ya tsuguna ya buɗe bakin karen ya duba, ya shafa haƙarƙarinsa.

"Yaro," haka yake ce mini duk da furfurata, "zomo ba ya cizo. Kada kamun zomo ya ruɗe ka. Yanyawa ƙarama ce, amma hanci take nema, da ido. Karen da ta fara ciza kafin shi ya cije ta ya gama. Jiki zai warke, zuciya ba ta dawowa."

"To yaya ake yi, Baba?"

"Zuwan farko kallo zai je, a ɗaure, igiya a hannunka. Babban kare ya kama ya kashe, sannan a jefa masa gawar ya girgiza, ya sha warinta, ya ɗauka shi ya yi aikin. A maimaita masa haka har ya fara jan igiya da kansa. Sannan a sake shi a fili a bayan babba. Rami kuwa, irin wannan ba ya shiga rami har abada. A rami ba shi da gudu, fuskarsa kawai ya kai mata."

Aminina yana tsaye a kanmu ya ce, "Baba, bar mini shi. Tsohuwata ce za ta yi masa karatu."

Baba ya ce, "To madalla. Ka samu malama, yaro."

Da bazara ta shiga, wata rana aminina ya zo ya ce ya gano rami a wata jigawa ta kudu da mu, wajen hanyar Gagarawa, ga sawu sabo a bakinsa. Ya ce washegari akwai gayyar farauta, mutanen Gagarawa za su biyo ta nan da karnukansu da makaɗa. A al'adar farauta, rami na wanda ya fara tarar da shi ne muddin shi kaɗai ne a wurin. In taro ya iso, duk abin da ya fito na karen da ya kama ne. Don haka ya ce mu yi sammako mu gama kafin su zo, karena ya yi kallonsa na farko cikin natsuwa, ba hayaniya. Na ji daɗi ƙwarai, har na ce wa matata ta fara ƙirga zabinta da kwanciyar hankali.

Da safe kafin mu kama hanya aminina ya tsuguna ya zagaye ƙirjin karen da tafukansa biyu.

"Har yanzu bai cika ba," in ji shi.

Na ɗauka tsokanar da ya saba ce.

Mu huɗu muka je, ni da shi da wasu 'yan farauta biyu da ke bin sa. Jigawar fara ce, sai geza nan da can. Muka zagaya muka toshe ƙofofin ramin da ƙaya da rairayi, muka bar biyu. A ɗaya aka haɗa wuta da yayi da busasshen kashin jaki don hayaƙi, a ɗayar kuma ɗaya daga cikin mutanen ya tsaya da jar karyar, don ta nan ake so yanyawa ta fito. Ni na koma gefe da karena, igiya a naɗe a hannuna. Ya kafa kunnuwa, hancinsa yana ta aiki, jikinsa yana ɗan rawa, ba rawar tsoro ba. Na riƙa shafa wuyansa ina ce masa yau kallo ne.

Aka yi ta fifita da malafa, hayaƙi yana shiga, ba abin da ya fito. Rana ta ɗaga, rairayi ya fara zafi. Aminina ya ɗauki dagi ya faɗaɗa bakin ramin, ya ce don hayaƙi ya samu hanya. Aka ƙara yayi, aka ƙara fifita. Shiru. Can sai muka fara jin ganga daga nesa, tana zuwa tana ɗaukewa. Na ga ya tsaya ya saurara, gumi yana bin gemunsa. Ya dubi karyarsa, ya dubi wajen da gangar take.

Sai ya ce, "Ga inda aikin ke lalacewa. Dubi bayan gezar can, hayaƙi yana tsiyaya, akwai ƙofar da ba mu gani ba. Yi sauri ka toshe. Kawo igiyar in riƙe maka."

Da gaske akwai ɗan hayaƙi yana tashi a wurin. Aikin ƙaya kuma hannu biyu yake so. Na warware igiyar daga hannuna na ba shi. Da wani ne ya tambaya da ban bayar ba.

Na je na durƙusa ina tura rairayi, sai na ji karen ya yi wani ɗan kuka. Na waiga. Abin da zan faɗa yanzu da idona na gani, ba wanda ya ba ni labari. Ya ture wutar gefe da ƙafa. Ya kwance igiyar daga wuyan karen. Ya kama shi ta wuya da gindin wutsiya ya sa kansa a bakin ramin da ya faɗaɗa. Karen ya turje da ƙafafun gaba, shi kuma ya sa gwiwa ya tura. Ya sake turawa. Karen ya shige har ƙugu.

Na kira sunan aminina da ƙarfi, na taso da gudu, amma gudu a jigawa ba ya sauri, ƙafa nutsewa take. Ina gudu ina jin ƙara daga ƙarƙashin ƙasa, kukan karena da wani gurnani siriri. Ƙafafunsa na baya suna ta tonon rairayi yana son fitowa, amma gwiwar tana nan a bayansa. Bai ɗaga ba sai da aka yi ihu daga ɗaya ƙofar. Yanyawa ta fito kamar an harba ta, jar karyar ta tare ta kafin ta yi nisa, ta danne. Nan ne ya saki karena ya ruga can yana kirari.

Na kama ƙafafun baya na jawo shi a hankali. Fuskar duk jini da rairayi. Hancin ya tsage har leɓe, idon hagu kuma ban iya ganinsa ba saboda jini. Na zauna na ɗora kansa a cinyata, na buɗe butar ruwana ina wankewa. Bai cije ni ba, bai yi yunƙurin gudu ba, jikinsa dai yana ta karkarwa.

Ina nan zaune gayyar ta iso. Ganga ta cika wuri, karnuka suna haushi, aminina ya ɗaga yanyawar ta wutsiya yana juyi, makaɗa suka koma kansa da tsohuwarsa. Mutanen Gagarawa suna cewa ashe da sauranta. Sai da aka lafa ya tuna da ni, ya taho.

"Subhanallahi! Kai, mutumina, igiyar ce ta kuɓuce mini. Fizgewa ya yi, ka san ƙuruciya."

Igiyar tana rataye a kafaɗarsa, a naɗe tsaf.

Na ce, "Na gani."

"Me ka gani? Hayaƙi ya cika wuri, kana can nesa. Ku ba fizgewa ya yi ba?"

Mutanen nan biyu suka sunkuyar da kai, ɗaya ya shiga gyaran takalminsa.

Sai ya jefo gawar yanyawar gabanmu.

"Ga ta, ba shi ya girgiza, kamar yadda Baba ya ce. Zai manta."

Warin yana isa hancinsa karen ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ya yi ba, ya saki fitsari a jikina, ya ja ciki ya koma bayana ya cusa kai a rigata. Wasu samari suka yi dariya. Baba, wanda ya zo tare da gayyar, ya matso ya daɗe yana kallonsa. Bai tambayi kowa komai ba, ya dai ce, "Yaro, kai shi Gumel."

Wani maƙwabcina mai mashin ne ya taimaka, na rungume karen a cikin buhu muka tafi. Malamin dabbobi ya ɗinke hancin, ya yi masa allura, ya ce in ajiye shi a ɗaure a ga yadda zai kasance. Idon kuwa ya ce babu abin da za a yi, haƙori ya shiga.

Da muka dawo matata ta tare mu a ƙofa. Ta ga fuskar ta dafe ƙirji.

"Malam, ba kallo ka ce zai je ba?"

Na gaya mata yadda aka yi, ban ƙara ba ban rage ba.

"Shi ɗin? Wanda nake zuba wa tuwo a kwanonka? To tashi ka je ka same shi."

Na ce a'a, zai zo. Na san shi, in abin ya huce zai zo ya zauna a dakali ya ce mutumina, na yi kuskure, ganga ce ta ɗebe ni. Har na shirya abin da zan ce masa. Zan yi masa faɗa kaɗan, sannan in ce ya wuce. Kullum da yamma ina share dakalin in zauna. Ina jinyar karen, ina wanke masa hanci da ruwan gishiri, ina ba shi kunu da ludayi don ba ya iya tauna, ina kuma sauraron sallama.

Bai zo ba. Maganarsa ce ta zo. Maƙwabcin nan mai mashin ya ce mini ya ji shi a wajen mai shayi yana ba da labari, wai jinin karen gari ya fi yawa a jikin karena, ba shi da kai ba shi da zuciya, da kansa ya ruga rami, da ya ji haƙori kuma ya tsure a gaban jama'a. Wai ya sha gaya mini Buzu ba ya ba da abu mai kyau. Ana ta dariya.

Ko a nan ban yanke ba. Na ce kunya ce take sa shi, mutum in ya ji kunya yakan faɗi abin da bai kamata ba.

Bayan an warware ɗinkin Baba ya zo duba karen. Ya zauna a tabarma, karen ya leƙo daga ƙarƙashin rumbu, ya ji warin farauta a jikin tsohon, ya koma ciki. Baba ya girgiza kai.

"Yaro, akwai maganar da ta tsaya mini. Ana gobe farautar nan mun haɗu da mutanen Gagarawa a kasuwa, suna yi wa amininka tsiyar tsohuwarsa. Ya ce musu gobe za su gan ta da yanyawa a baki, ya samo mai shiga rami. Na ce wane kare? Ya yi dariya bai faɗa ba. Na ɗauka wani guntun karen gari ya aro. Wallahi da na san naka yake nufi, da a ranar na zo gidanka."

Ashe ba gangar ba ce. Tun kafin ya zo ƙofata ya ce ya gano rami, ya riga ya san aikin da zai ba karena. Da ya zagaye ƙirjinsa da hannu da safen nan, awo yake yi.

Bayan la'asar na tafi gidansa. Fatar yanyawar tana shanye a jikin zana, an kafe ta da tsinke. Ya fito yana murmushi.

"A'a, mutumina! Ka ɓuya. Yaya mai jiki?"

"Na zo ka gaya mini da bakinka."

"In gaya maka me?"

"Abin da ka gaya wa mutanen Gagarawa a kasuwa."

Murmushin ya tafi. Ya dubi ƙasa, ya dubi fatar, sannan ya ɗaga murya.

"Kai, a kan kare? Kare fa! Duk zaman da muka yi, za ka zo mini gida da fuska a ɗaure a kan kare?"

"Cewa ka yi kawo in riƙe maka."

"To yaya kake so in yi? Kai ba ka san abin da ake yi mini ba. Yaran da aka haifa a gabana suna ce wa karyata kaka. Ita ba ta shiga rami, ƙirjinta ya yi faɗi. Ni na ɗauka leƙawa kawai zai yi, yanyawar ta tsorata ta fito. Da na tambaye ka za ka yarda?"

"Ba zan yarda ba."

"To ka gani."

Ya faɗi haka kamar ya kawo hujjar da ta wanke shi.

"Abin da kake faɗa a wajen mai shayi fa?"

"Haba, wannan hirar majalisa ce. Kai ma ka san ba har zuci ba. Bari, in tsohuwa ta haihu zan ba ka ɗaya, ka zaɓa da kanka."

Ni da shi mun san ta daina haihuwa. Na tsaya kaɗan ko zai ƙara wani abu. Ya shiga gyara tsinken fatar. Na ce masa sai an jima, na fito.

Ban kai ƙara wajen mai unguwa ba. In je in ce me, an cusa mini kare a rami? Dariya za a ƙara. Ban kuma yi gaba da shi ba, don addini ya hana. In mun haɗu a masallaci ko wajen jana'iza muna musabaha, ya ce ya iyali, in ce lafiya lau. Bai sake zama a dakalina ba, ni ma ban sake cewa ya zauna ba.

Karen ya warke. Hancin ya haɗe da ɗan karkace, idon ya rufe. Ban fid da rai nan da nan ba. Da rani ya sake zagayowa muka gwada da Baba, ya kawo tsohuwar fatar yanyawa wadda warinta ya kusa fita, muka ajiye ta nesa da kaskonsa, da niyyar a riƙa matso da ita kaɗan-kaɗan. Ya ƙi cin abinci har sai da aka ɗauke. Muka bari aka kwana biyu muka sake, haka dai. Baba ya naɗe fatarsa ya ce in bar shi ya huta, kada in ƙara masa azaba. Na koma da shi wajen zomo. Gudun yana nan, amma in zomo ya yi kwana ta hagu sai ya ɓace masa, ya tsaya yana juya kai. Daga baya ma ya daina bi.

Yana nan har yanzu. Yana raka ni gona, ya kwanta a inuwar aduwa har in tashi. Ba ya taɓa kaza, ba ya taka tabarma. Da magariba in yanyawa ta yi haushi daga jigawa, sai ya tashi a hankali ya shige ƙarƙashin rumbu, ko na yi fito ba ya fitowa. Matata takan ajiye masa kaskon a bakin rumbun ta ce a bar shi. A ranin da ya biyo baya ta sayar da ragowar zabinta, ta ce ba za ta ci gaba da yi wa dawa kiwo ba.

Abin da aka rasa ga shi. Idon hagu ɗaya. Karen farauta ɗaya, ko da yake yana raye. Zabi goma sha ɗaya da kaji shida a wancan ranin. Amini ɗaya.